Wane Ne Ya Fara Zuwa a Layin Dogaro

Dokar Debian, tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, ta ce duk ƙunshin manhaja da ke babban sashenta na main, inda ake ajiye manhajoji masu 'yanci (waɗanda kowa zai iya amfani da su, ya gyara, ya kuma rarraba), ba zai buƙaci wani abu daga wajen sashen ba, ko wajen haɗa shi ko wajen gudanar da shi. Wanda shi kansa mai 'yanci ne amma ya jingina da manhaja marar 'yanci, sai a tura shi wani sashe daban mai suna contrib. Inda masu haɗa ƙunshi suka daɗe suna ja-in-ja shi ne layin dogaro (jerin abubuwan da ƙunshi ke buƙata) da ke ba da zaɓi biyu, misali unrar-free | unrar, manhajojin buɗe dunƙulallun fayilolin RAR, inda na farko yake main, na biyu kuma yake non-free, sashen manhajoji marasa 'yanci. Dokar ta yarda da wannan matuƙar marar 'yancin ba shi ne zaɓin farko ba, domin apt, manhajar da ke saka ƙunshi a kwamfuta, na fara gwada sunan da ke gaba.

Lokacin da nake karatu a Kartum, ina taimaka wa ɗalibai 'yan uwana Hausawa wajen saka Debian a kwamfutocinsu, na fahimci cewa jerin sunayen nan ba ado ba ne. Daga 1997 zuwa 2017 Sudan na ƙarƙashin takunkumin Amurka, kuma shafukan wasu kamfanoni kan rufe mana ƙofa da zarar sun ga adireshinmu. Idan ƙunshi ya dogara da abin da sai an sauko da shi daga irin waɗannan shafuka, to a wurinmu tamkar babu shi. Saboda haka wanda ya fara zuwa a layin shi ne abin da ɗalibi zai samu a zahiri.

Sai dai na koyi cewa cika harafin doka bai wadatar ba. A wancan lokacin unrar-free bai iya buɗe yawancin sababbin fayilolin RAR, kuma wani ɗalibi da aka aiko masa da laccocinsa a dunƙule ya zauna yana kallon saƙon kuskure a allo. A ganina, mai kula da ƙunshi ya kamata ya tambayi kansa ko zaɓin mai 'yancin yana yin aikin da gaske, kafin ya sa shi a gaba. Idan zaɓin bai yi aikin ba, gara a bayyana hakan a bayanin ƙunshin, ko a mayar da marar 'yancin zuwa Suggests, layin shawara kawai, wanda apt ba ya sakawa sai mutum ya nema da kansa.