Dutsen Cikin Hankici

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo zaure jiki na rawa, ya kwance hankici ya nuna mini farin dutse mai ɗigo-ɗigon baƙi. "Kawu, kuza ce, daga Ririwai." Ririwai ɗin nan ta kudancin jihar Kano, inda ake haƙar kuza. Wai babur ɗinsa zai sayar, su haɗa kuɗi da wasu su buɗe rami. Gabana ya faɗi, don irin dutsen nan ne ya cinye mini shanun gado.

A 1985 ne. Na yi shekaru ina wankin kuza a rafukan Bukuru, kusa da Jos, na san yadda baƙin yashi mai nauyi ke kwantawa a gindin kwano bayan ruwa ya tafi da ƙasa. Sai na ɗauka na san dutse. Wani ya nuna mini jijiya, wato layin ma'adini a jikin pa, ban kai wa kowa ya gwada ba, na sayar da shanu huɗu na ɗauki lebura. Wata biyar muna fasa. Jijiyar tana sirancewa har ta koma kamar zare, ni kuwa kullum cewa nake gaba za ta buɗe. Ranar da na kasa biyan yaran, mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta. Ba ta ce mini uffan ba, har ta rasu.

Gaskiya ba laifina ne kaɗai ba. A ƙarshen shekarar farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, har manyan kamfanoni suka ji jiki. Da farashi bai faɗi ba... To, amma ramina babu abin da ke cikinsa, ko da farashin ya kai sama.

Na shirya wa ɗan ƙanwar tawa dogon bayani, sai ga shi yana latsa waya ina magana. Yaran yanzu! Bidiyo ɗaya na wani riƙe da zinare ya fi musu maganar wanda ƙura ta cika wa ƙirji.

Saboda haka ku matasa, ku ji. Dutse ɗaya ba shaida ba ne, mai nuna maka mafi kyawun ya zaɓo. Ku ɗebo da hannunku daga wurare daban-daban a gwada, don baƙin na iya zama kuza, na iya zama wulfiram (wani baƙin ma'adini mai nauyi, daban da kuza), na iya zama ƙarfen banza. Kada ku niƙa dutse a cikin gida. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta haka.

Kai, kada ma ku je. In kuma kun nace, ku fara da ɗaukar kwano a ramin wani, shekara guda cur. Babur ɗin dai na karɓe makullinsa, yana ƙarƙashin matashina.