Fulotin da ke ƙarshen layinmu

Wata Asabar bayan La'asar na ga tifa ta juye yashi a fulotin da ke ƙarshen layinmu a Barnawa, cikin garin Kaduna. Kango ne na wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya fi shekara goma bai iya ɗora masa kwano ba. Na ce to, Allah ya kawo wa Baba buɗi. Sai da aka fara kafa rumfuna, aka sauke kujerun roba dami-dami, sannan mai gadin layi ya raɗa mini cewa haya aka bayar, mashaya za a buɗe, irin ta fili ɗin nan da ake gasa kifi ana kallon ƙwallo har tsakar dare.

Ni ne sakataren ƙungiyar layin, don haka wayata ba ta huta ba. A daren kuma na tafka kuskurena. Na rubuta takardar koke shafi biyu, na cika ta da wa'azi da maganar tarbiyya, na kai masallaci bayan Isha'i, mutum 17 suka sa hannu. Na kwanta ina jin na yi abin kai. Layinmu kuwa gida 31 ne, kusan rabi Kiristoci, ban ƙwanƙwasa ƙofar ko ɗaya ba.

Da safe maƙwabciyata ta tare ni ina goge mota. Nas ce da ta yi ritaya, kuma katangarta ce manne da fulotin. Ta ce, "Malam Sakatare, ashe layin naku ne ku kaɗai? Ni tagata ke kallon wurin, ni za a hana barci, amma sai a teburin mai shayi jikana ya jiyo labarin takarda." Na fara kame-kame, ta katse ni. "Ƙanena, kana garin nan a 2000 ko ba ka nan?"

Ina nan. Duk wanda ya ga rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da na 2002 da ya biyo baya, ya san yadda mutane suka kwashe kaya, waɗannan suka yi arewa da kogi, waɗancan suka yi kudu. Barnawa na cikin unguwannin da suka rage ana zaune a cakuɗe. Takardar tawa kuwa ta riga ta shiga WhatsApp. Wasu samari na cewa Shari'a ake son shigo musu da ita ta bayan gida, wasu namu na cewa a je a tuge rumfunan da hannu. Ruwan da na ɗebo don kashe wuta, ashe kananzir ne.

Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa ranar Lahadi da yamma, bayan an taso daga coci. An yi kusan awa ana ɗaga jijiyar wuya kafin wani tsohon safiyo, mutumin da bai cika magana ba, ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a cikinmu wa ya ga satifiket ɗin filin?" Shiru. Sai ya yi mana bayani dalla-dalla. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma a jikin takardar an rubuta abin da aka ba shi filin ya yi. Idan an rubuta gidan zama, ba ka da ikon mayar da shi wurin kasuwanci sai ka nemi sauyi an amince. Izinin gini na KASUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jiha, maganar takardun fili ta KADGIS ce, wato hukumar rajistar filaye, lasisin sayar da giya kuma takarda ce daban, samun ɗaya bai wadatar da sauran ba. Ya ce jami'in tsara gari ba alkalin addini ba ne, faɗin titi zai duba, da wurin ajiye motoci, da kwata, da ƙarar janareta.

Sai Baba mai fili ya miƙe, yana dogara da sanda. Ya ce tun da masaƙun Kakuri suka rufe yake lallaɓa rayuwa, matarsa na kwance, ga jikoki uku a hannunsa. "Ku masu son barci, wa ya taɓa tambayata abin da na ci jiya? Yaron nan ya ba ni hayar shekara biyu a dunƙule." Ban iya ɗaga kai na dube shi ba. Har ranar, ni dai kujerun roba nake gani, ban taɓa tunanin wanda ya sa hannu a yarjejeniyar ba.

Mun sake takarda, ni da nas da safiyo. Shafi ɗaya tak: lambar fuloti, layi mai ƙofa ɗaya da mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe, kwatar da ke ambaliya kowace damina, Islamiyya da makarantar nazare da ke tsakanin gida huɗu da wurin. Ba giya a ciki, ba aya. Gida 26 suka sa hannu. Muka kai wa hukumar tsara birane, muka ajiye kwafi a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, kuma safiyo ya hana ni fita sai an buga mana hatimin karɓa a namu kwafin. Wannan hatimin shi ya yi mana rana duk lokacin da muka koma bin sawu. Daga baya aka zo aka shafa jan fenti a katanga, aka ce a dakata da aiki.

Abin da ban hango ba shi ne wuƙar tana da baki biyu. Ɗan hayar, matashi ne mai ladabi da wayo, ya zagaya layin da wayarsa yana ɗaukar hoton kowane shagon da aka fasa a jikin katanga. Guda tara ya ƙirga, har da na uwargidana mai sayar da kayan masarufi. Babu wanda ya taɓa neman izini a cikinmu. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi zaƙewa a masallaci suka zo da daddare suna roƙon in cire sunayensu. Wasu kuma suka fito fili suka ce su fa sun fi son layin ya koma na kasuwa, don kuɗin haya ya tashi. Taro na uku ya fi na farko zafi, sai dai wannan karon Musulmi da Kirista suna kowane ɓangare.

A ƙarshe ɗan hayar ya lissafa kuɗi da lokacin da neman sauyin zai ci masa, ya kwashe rumfunansa zuwa bakin babban titi, inda irin wuraren suke a jere. Baba ya sayar da wani ɗan fili a ƙauyensu ya mayar masa da kuɗinsa. Ƙungiya ta yi karo-karo muka rufa masa ɗaki biyu da kwano, ya zuba 'yan haya, amma abin da yake samu bai kai rabin na da ba. In na gaishe shi yana amsawa, a taƙaice, ba ya tambayar iyali. Fayil ɗin shagon uwargida kuwa na buɗe shi watan jiya, safiyo ne ya raka ni.