Baba Jimi na Storyland

Jiya ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da hoton Jimi Solanke, ashe tun Fabrairun 2024 ya rasu yana da shekara 81, wallahi ban ji ba sai yanzu. Nan take na tuno falon maƙwabcinmu a Kaduna, mu kusan goma kan tabarma muna jiran Storyland, shirin da yake ba yara labari a NTA, talabijin ɗin ma sai an ɗan mammare ta take kamawa. Turancin ba wani ji muke ba fa, amma da ya ɗauki jita ya saki muryar nan tasa mai kauri shikenan ko tari ba mai yi. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar labari ƙanwata har da kukanta, Inna na ta yi mata dariya.