Rawar bale da nike kallo

Jama'a ni dai rawar bale ta riga ta kama ni, nan Sakkwato babu dandalin da ake yin ta, to a YouTube nike bin su, data ta tana ƙarewa amma wallahi ban taɓa jin haushi ba. Ƙawayena na cewa mi ke burge ki cikin rawar Turawa, ni kuma wahalar da ke ɓoye cikinta nike kallo. Mace ta tsaya bisa kan yatsun ƙafa cikin wani takalmi mai tauri a baki, duk nauyin jikinta na can, fuska kuma a sake kamar ba ta jin komai. A wani sanannen wasan bale mai suna Swan Lake akwai wurin da 'yar rawa ke juyawa sau 32 bisa ƙafa guda ba tsayawa, ni har riƙe numfashi nike yi ina ƙirgawa tare da ita.

Cikin ƙungiyoyin masu rawar, 'yan Bolshoi na Mosko akwai ƙarfi da tsalle, 'yan Royal Ballet na Landan kuma natsuwarsu ta fi shiga raina. Ita rawar bale ta faro daga Italiya, ta bunƙasa a Faransa, har sarki Luwi na 14 ya buɗe mata makaranta a 1661.

Wanda ya sa ni hawaye kuwa yaron nan na Legas, Anthony Madu, da ya yi rawa cikin ruwan sama ba takalmi a 2020, daga baya ya samu gurbin karatu a Ingila. Allah ya ƙara mai basira. In akwai mai kallo nan garin don Allah ta yi min magana mu riƙa tattaunawa.