Godiya ga 'yan uwa na Agege da Mile 12 bayan aikin bayana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, an sallamo ni daga asibiti, ina gida Agege, kuma da ƙafafuna na shiga ɗaki. Saƙonnin gaisuwa da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, ga shi likita ya hana ni dogon zama. Shi ya sa na ga in rubuta wannan ya isa ga kowa. Yaba kyauta tukwici.

Abokan sana'armu ta albasa a kasuwar Mile 12 sun san yadda na fara. Dako na yi, muna sauke buhuna daga motocin da ke zuwa daga Aliero da Sakkwato, tun ƙuruciya na ɗibata. Ko da Allah ya buɗa na samu rumfata, ciwon ƙugu bai bar ni ba. Shekara da shekaru ina fama da shi, wasu su ce basir ne, wasu su ce sanyi. An yi mini ƙaho, an kawo jiƙe-jiƙe daga gida, na sha na kemis har cikina ya fara ƙuna. Duk wanda ya kawo mini magani a lokacin nan da zuciya ɗaya ya kawo, kuma ina gode masa.

Bara ne abin ya sauya kama. Ciwon ya bar ƙugu ya gangaro ta ɗuwawu, ya bi bayan cinyar hagu har zuwa babban yatsa. Tari ko atishawa sai in ji kamar an ja mini wutar lantarki. Ruku'u ya gagara, na koma salla a kan kujera. Ƙanena da ke aikin jinya shi ya tsaya kai da fata sai mun je asibitin ƙashi na Igbobi, wanda ke kan titin Ikorodu. Hoton ƙashi na yau da kullum bai nuna abin kirki ba, domin ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Sai da aka yi hoton MRI, wanda ke nuna har jijiya da guringuntsi, aka ga guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu, inda likitoci ke kira L4 da L5, ya fashe ya ɓullo yana danne jijiyar da ke tafiya ƙafa.

Daga nan wahala ta gaske ta fara, wato yanke shawara: a yi aiki ko kada a yi. Hajiyarmu ta bugo waya daga gida tana kuka, ta ce ita dai kada a taɓa mini baya, ta ga wanda aka yi wa bai sake tashi ba. Wasu manyanmu a kasuwa suka ce in dai aikin baya ne sai Indiya ko Masar, a haɗa kuɗi in tafi. Wasu kuma suka ce in yi haƙuri, ai kowane ɗan dako da ciwon bayansa yake tsufa. Kowa don ƙauna yake faɗa, amma ni ne ba na barci.

Mutumin da na fi jin nauyin alherinsa a wannan tsakani shi ne likitan da ya zaunar da ni da mai ɗakina bai yi mana gaggawa ba. Ya ce mafi yawan masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba, don jiki kan janye abin da ya ɓullo da kansa. Don haka sai ya fara tura ni sashen gashi da motsa jiki, ya canza mini magani, ya gargaɗe ni cewa yawan shan diclofenac da ibuprofen yana cin ciki yana taɓa ƙoda, tiramol kuma kama mutum yake yi. Ya faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba: aikin ya fi maganin ciwon da ke sauka ƙafa, amma ba zai yi mini alkawarin ciwon ƙugun da na daɗe da shi zai tafi duka ba. Ya lissafa haɗarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba, miki kan iya ruɓa, ana iya taɓa jijiya, guringuntsin kan iya sake ɓullowa. Game da tsoron Hajiya kuwa, ya zana mana a takarda cewa lakar kanta tana ƙarewa a sama, wajen ƙashi na 1 da na 2 na ƙugu, inda za a yi aikin yana ƙasa da nan. Sannan ya ce akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙarfin ƙafa ya riƙa raguwa. Na rubuta su a nan da gangan, domin na san akwai masu karanta wannan da ke ɓoye irinsu saboda kunya.

Na yi watanni ina zuwa gashi, ina ratsa cunkoson Oshodi a kwance a kujerar baya. Ciwon bai sauka ba, sai ma silifa ta fara suɓucewa daga ƙafar hagu ban sani ba, yatsun suna jan ƙasa in ina tafiya. Muka ɗauki hoton muka kai wa wani likitan ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Idi-Araba don jin ta bakinsa, maganarsa ta zo ɗaya da ta farko. Na yi istihara, na kira Hajiya, ƙanena ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku je, Allah ya ba da sa'a, na sa maka albarka." Sai a ranar na sa hannu a takarda.

An yi aikin, an cire guntun da ke danne jijiyar. Washegari ma'aikatan jinya suka tashe ni na taka. Wutar da ke bin ƙafata ta ɗauke. Ƙugun yana nan yana ɗan motsawa, yatsan ma bai gama farfaɗowa ba, an ce jijiya a hankali take warkewa. Ba na so wani ya ji labarina ya ce shi ma sai tiyata. A layin gashi na haɗu da mutane da dama da suka warke ba a yanka su ba, kuma na yi musu murna.

Ina godiya ga likitoci da masu ba da maganin barci da ma'aikatan jinya da masu gashi, har da masu shara da ke yi mini sannu kowace safiya. Ga 'yan ƙungiyarmu ta masu albasa da suka yi karo-karo ba tare da na buɗe baki ba, Allah ya mayar muku da ninkinsa. Ga samarin unguwa da suka je suka ba da jini, wasu ko sunansu ban sani ba. Ga Malam limamin masallacinmu da jama'arsa da ba su gaji da addu'a ba. Ga maƙwabciyarmu Bayarabiya da ta riƙe mana yara, tana kai su makaranta tare da nata. Ga yarona na rumfa da ya riƙe amana, na tarar da lissafi ko sisi bai yi ciwon kai ba. Kawu, kai da ka taso tun daga Kano da shekarunka ka kwana a benci, ban san da bakin da zan gode maka ba. Uwar 'ya'yana kuwa, Allah kaɗai ya san abin da kika ɗauka, shi zai biya ki.

Masu tambayar yaushe zan dawo kasuwa, an hana ni sunkuyo da ɗaukar kaya da murɗa jiki har na tsawon mako 6, bayan nan sai abin da likita ya gani. Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar, sai dai ku yi mini uzuri in kun tarar da ni a kwance. Akwai wani bawan Allah direban tirela da muka yi maƙwabtakar gado, shi nasa aikin ya fi nawa girma, an sa masa ƙarfe a baya, kuma har yanzu yana can. Don Allah ku sa shi a addu'a.