Na je na ga kakan gem a Kaliforniya

Kwana uku ke nan da dawowata Kano, amma hankalina na can wajen wani ɗan akwatin katako da na gani a garin Mountain View.

Shiga Amurka ba ta yi mini daɗi ba. Jami'in shige da fice ya yi ta jujjuya fasfona kamar mai duba jabun kuɗi, sau uku yana tambayar abin da ya kawo ni, ko fuskata bai kalla ba. Mai masaukina ne ya wanke mini zuciya, wani dattijo mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, Baba nake ce masa. "Ɗana, muddin kana gidan nan hannunka ba zai shiga aljihu ba," in ji shi. Daren nan tuwo miyar kuka na ci a Amurka!

Shi ya kai ni Computer History Museum, gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View. Na fara da PDP-1, kwamfuta ce kamar an jera firij uku, allonta zagayayye kamar faifai. A kan irinta Steve Russell da abokansa na jami'ar MIT suka haɗa gem ɗin Spacewar! a 1962: kumbo biyu na harbin juna, tauraro a tsakiya yana fizgar su. Ko sisi ba su karɓa ba, duk mai irin na'urar sai ya kwafa. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Akwatin kuwa gem ɗin Pong ne na gwaji, wanda Al Alcorn ya harhaɗa wa kamfanin Atari a 1972. Ƙaramar talabijin baƙi da fari a ciki, abin murɗawa biyu, sanda biyu na buga ɗigo guda. Sun ajiye shi a wata mashaya a Sunnyvale, ba a jima ba aka kira su wai ya lalace. Da Alcorn ya buɗe, ashe sulalla ne suka cika shi maƙil. Nan take na tuna gidan gem na unguwarmu, muna layi da canjin aike a hannu, janareta na ruri. Na daɗe a tsaye har Baba ya dafa kafaɗata.

Tsada kam ba a magana. Kofin shayi dala 5, kuma a miƙo maka na'ura ka ƙara tukuici. Maƙwabci ya wuce ka ba sannu, sai ɗan murmushi.

Washegari na leƙa San Francisco a jirgin ƙasa, hazo ya rufe gadar Golden Gate. Ranar Talata Baba ya raka ni filin jirgi, ya ƙi karɓar kuɗin mai.