Farfaɗiya da Wutar Ƙwaƙwalwa: Abin da Na'urorin Bincike Suka Nuna

A Tawa, kamar a sauran garuruwanmu, idan farfaɗiya ta kayar da mutum a kasuwa ko a tasha, yawancin jama'a ja da baya suke yi, domin an taso da imanin cewa kumfar da ke fita daga bakinsa tana yaɗa cutar ga wanda ya taɓa ta. Wasu kuma sukan ce iskoki ne suka buge shi. Amma wannan ciwo yana cikin cututtukan da masu binciken ƙwaƙwalwa suka fi fahimta a yau, har ta kai ana ganin alamarsa a rubuce a kan takarda, ana gano wurin da yake tashi, kuma a jikin dabbobin gwaji an riga an iya tsayar da shi yana tsakiyar faruwa. An kai ga wannan sani ne ta hanyar ƙera kayan aiki, kowane yana bayyana abin da na gabansa ya kasa gani.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana aika saƙo ne da ɗan bugun lantarki mai raunin gaske, wanda idan ya isa ƙarshen zarenta sai ya sa ta saki wani sinadari da zai tayar da ƙwaya ta gaba ko ya kwantar da ita. A shekarar 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya haɗa wani rini na azurfa da ke fito da siffar ƙwaya ɗaya tak daga cikin cunkoson dubbai, sannan Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya yi amfani da rinin ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1906. Tun daga nan aka fara gane cewa motsi da tsoro da tunawa suna fitowa ne daga da'irorin ƙwayoyin da ke sadarwa da juna, kuma idan da'ira ta rikice, hali ma yakan rikice.

Na'urar da ta fi shafar maganarmu ita ce ta auna wutar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira EEG. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan awo a jikin mutum a 1924, ya wallafa sakamakonsa a 1929. Ana manna ƙananan faifan ƙarfe a fatar kai, ba tsaga, ba allura, ba zafi, sai na'urar ta riƙa zana layuka masu hawa da sauka. Aikinta ya yi kama da na mutumin da ke tsaye a bayan katangar filin kokawa: ba ya jin abin da kowane ɗan kallo ke faɗa wa na kusa da shi, amma da zarar an yi kaye, dubban bakuna suka yi ihu tare, zai sani. Farfaɗiya ita ce wannan ihun. Ƙwayoyi masu yawa da ya kamata kowace ta yi nata aiki a nata lokaci sai su buga tare da ƙarfi, layukan kuma su yi tsini. Idan rikicin ya tashi a sashen da ke kula da hannu, hannu ne zai fara karkarwa. Idan ya mamaye ƙwaƙwalwa duka, mutum ya faɗi a sume. Akwai ma irin da ba ta kayarwa, inda yaro zai ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi kawai, malami ya ɗauka rashin hankali ne ga karatu.

Sanin wane sashe ke kula da wane aiki ya samu ne da taimakon masu farfaɗiyar kansu, kuma wannan abu ne da nake so a riƙa tunawa. A birnin Montreal na Kanada, daga shekarun 1930, likitan fiɗa Wilder Penfield ya riƙa yi wa marasa lafiya aiki suna farke, tunda ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin taɓawa. Yakan taɓa wuri da ɗan lantarki, yatsa ya motsa, ya taɓa wani, mara lafiya ya ce ya ji wani abu a leɓensa, da haka aka zana taswirar jiki a kan ƙwaƙwalwa. Daga baya hoton maganaɗisu, wanda a asibitocinmu ake kira IRM, ya ba da damar ganin tabo ko ƙari ba tare da buɗe kai ba, kuma bayan aikin masanin kimiyya Seiji Ogawa na 1990 aka iya bin kwararar jini zuwa sashen da ke aiki.

Sai dai yawancin waɗannan kayan kallo kawai suke yi. Suna nuna cewa wani sashe ya tashi lokacin da wani abu ya faru, ba sa tabbatar da cewa shi ne ya jawo shi. Dabarar da ta warware wannan matsala ta fito daga inda ba a zata ba, wato daga wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke rayuwa cikin ruwa tana bin haske. A jikinta akwai wani furotin da ke buɗewa idan shuɗin haske ya same shi, ya bar gishirin da ke ɗauke da lantarki ya shiga. A 2005, a jami'ar Stanford ta Amurka, Karl Deisseroth da Edward Boyden da abokan aikinsu suka shigar da ƙwayar gadon wannan furotin cikin ƙwayoyin jijiya, suka nuna cewa walƙiyar haske tana sa su bugawa nan take. Ana kiran dabarar oftojenetik. Ƙarfinta shi ne zaɓi: mai bincike zai iya ware nau'in ƙwaya ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera, ya kai mata haske ta siririn zaren gilashi, ya kunna ta ko ya kashe ta, sauran ƙwayoyi na kusa ba su san an yi ba. A 2012 masu bincike a ɗakin gwajin Susumu Tonegawa sun haska ƙwayoyin da suka adana wani abin tsoro, ɓeran ya daskare don firgita alhali babu komai a gabansa. A 2013 kuma, a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, an haɗa kwamfuta da ke gane farkon farfaɗiya a ɓera, ta kunna haske da kanta, bugun ya tsaya.

Wannan ba magani ba ne da za a samu a asibiti gobe, domin yana buƙatar sauya ƙwayoyin gado da dasa na'ura a ka, kuma ƙwaƙwalwar ɓera ba ta mutum ba ce. Nasarar da aka bayyana a jikin mutum a 2021 a ido aka same ta, inda wani makaho a Faransa ya iya gane wurin da kayayyaki suke a kan tebur da taimakon tabarau na musamman. Amfanin binciken a gare mu yanzu shi ne hujjar da ya kafa, cewa ciwon yana da mazauni a jiki kuma yana bin ƙa'ida.

Irin wannan bincike ne ya bayyana yadda ƙwaya ke kama matasanmu. Tun 1954 masu bincike James Olds da Peter Milner suka ga ɓera yana ta danna sanda don a taɓa masa wani wuri a ƙwaƙwalwa da lantarki, kuma daga nan aka bi diddigin da'irar da ke sa rai ya so maimaita abu. Tiramol, da wasu ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi ke sha don kashe gajiya, yana shiga wannan da'ira, ban da haka kuma yana iya jawo bugun farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gane ciwon an ba su maganin da ya dace. A yankinmu wasu daga cikin abubuwan da ke jawo ta a fili suke: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, da buguwar kai a hatsarin babur. Allurar rigakafin sanƙarau da aka fara a Nijar a 2010, da hular kwano, da gidan sauro, duk kariya ce daga farfaɗiya. Fenobarbital kuwa, wanda aka fi sani da gardenal, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin magunguna mafi araha, sai dai likita ne ke tsara shi kuma ba a dainawa kwatsam.

Tsakanin Tawa da Yamai akwai fiye da kilomita 500, tafiyar da ke da nauyi ga uwa mai yaron da zai iya faɗuwa a cikin mota. Ita kuwa na'urar EEG ta yau ba ta fi ƙarfin jaka ba, kuma ma'aikacin jinya da aka horar zai iya manna faifan ya ɗauki awon, ya tura ta intanet ga likitan ƙwaƙwalwa a babban birni ya karanta. Abin da nake fata shi ne ɗalibanmu na sashen kiwon lafiya a jami'ar Abdou Moumouni su ƙara karkata ga wannan fanni, kuma kowane babban asibitin jiha ya kasance yana da na'urar, da wanda ya iya aiki da ita, da maganin da ba ya yankewa a tsakiyar wata.